Ba A Jinginar Da Kogin Dalma

Masu riƙe da labarin mutanen dauri sun ce wannan al'amari ya faru ne a zamanin Sarki Zailani ɗan Mabuɗi, lokacin da daular Marandu ta tsufa, lardunan nesa suka fara jan ƙafa wajen kawo gaisuwa. Abu biyu suka rage mata waɗanda ake shakkarta dominsu. Na farko Kogin Dalma, wanda babu farken da ke haye shi bai biya kuɗin fito ba. Na biyu duwatsun Garin Kuza, inda ake haƙar kuza tun kaka da kakanni, inda kuma Ciroma Bagudu, ƙanen Sarki, yake zaune yana riƙo, yana haɗiyar takaicin gadon da ya wuce shi.

Kogin kuwa, da masuntansa da masu fitonsa, a hannun Magajiya Tabawa yake. Ƙanwar mahaifin Sarki ce, doguwar tsohuwa mai ƙaramar murya, wadda ta ga sarakuna uku a kan karaga. Ita kaɗai ce mace a majalisa, kuma idan ta gyara zama za ta yi magana, har dogarai kan daina motsi.

A wannan zamani ne Turawa iri biyu suka hauro daga bakin teku. Mutanen Marandu ba su iya furta sunayen ƙasashensu ba, sai suka raɗa musu suna da tutocinsu, waɗannan Masu Jar Tuta, waɗancan Masu Mikiya. Jakadan Masu Jar Tuta gajere ne mai fara'a, ya iya Hausa har da karin magana, ana kiransa Mai Murmushi. Na Masu Mikiya kuwa dogo ne, ba ya dariya, ba ya magana sai da tafinta, ana kiransa Mai Sanda. Buƙatarsu ɗaya ce: a yarje musu su shimfiɗa hanyar ƙarfe daga bakin kogi zuwa Garin Kuza, jirgin ƙasa ya riƙa bi. Dukiyar aikin su za su ranta wa Sarki. Wajen jingina ne suka bambanta. Mai Murmushi yana son kuɗin fiton kogi, Mai Sanda yana son duwatsun kuza. Kowannensu kuma ya tsani ɗan'uwansa kamar mutuwarsa.

Magajiya ce ta ba Sarki shawarar kada ya ce i, kada ya ce a'a. Idan Mai Murmushi ya zo, a nuna masa kyautar da Mai Sanda ya kawo. Idan Mai Sanda ya zo, a bar shi ya ji cewa gobe za a sa wa abokin gabansa hatimi. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, jakadun nan suna ta sassauta sharaɗi suna cin naman juna, Marandu kuwa ba ta ba da ko taki ɗaya na ƙasarta ba.

Ana nan, wata rana da hantsi, ruwan kogi ya fara ja da baya bayan kaka, sai ga Sarkin Ruwa Makau a zauren Magajiya, ƙafafunsa duk laka. Ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranki ya daɗe, uwar kogi, na zo da abu biyu, ban san wanda zan fara sauke miki ba."

"Fara da mai sauƙi, Makau."

"Kadojin nan biyu na mashigin Tunga, waɗanda tun ina saurayi ba sa haɗuwa sai an ga jini a ruwa, jiya masunta sun same su kwance a yashi ɗaya, kan wannan bisa wuyan wancan. Tsofaffinmu sun ce ba su so wannan gani ba."

"Mai nauyin fa?"

"Jiragen hayaƙin Turawa, ranki ya daɗe. Na Jar Tuta da na Mikiya. Na gan su da idona a ƙasan Tunga, an ɗaure su da igiya ɗaya. Mai Murmushi ya tsallaka jirgin Mai Sanda, sun ci abinci a akushi guda."

Magajiya ta daɗe tana tsoron wannan rana, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Mai kiwon da ya dogara da faɗan kuraye biyu, ranar da suka shirya ba shi da sauran dabara. Ta ce a kawo mata mayafinta da sandarta.

Kafin azahar jakadun suka iso fada tare, kafaɗa da kafaɗa, abin da ba a taɓa gani ba. Majalisa ta cika. Waziri Lawwali yana dama da Sarki, Madawaki Jatau shugaban mayaƙa yana hagu. Can ƙasa kaɗan Dallatu Barau yake zaune, ɗan Magajiya na cikinta, shi kaɗai ne a cikinsu ya taɓa zuwa bakin teku ya ga jirgin ƙasa da idonsa.

Mai Murmushi ne ya yi magana. "Allah ya ba Sarki nasara. Mun ga gardamarmu ta wahalar da fada, sai sarakunanmu suka ji tausayinku suka shirya. Yanzu bashin ɗaya ne, mu biyu za mu bayar. Hanyar ma ɗaya ce."

Sarki ya ce, "Jinginar fa?"

"Kuɗin fito namu, kuza tasu, har ranar da aka gama biya. Za mu kuma ajiye sojoji kaɗan a kowane zango, don kada ɓarayi su taɓa ƙarfen."

Mai Sanda ya buga sandarsa a ƙasa, ya faɗi wasu kalmomi a taƙaice. Tafinta ya sunkuyar da kai kafin ya fassara. "Ya ce ruwa yana janyewa, jiragensu ba za su jira ba. In ba a sa hatimi kafin Juma'a ba, za su hauro su karɓi amsa a ƙofar birni."

Aka fitar da su zuwa masauki. Ƙofa na rufuwa Waziri Lawwali ya juyo.

"Zaki, Allah ya ja zamaninka. Ga inda wasan ya kawo mu. Da mun karɓi na Jar Tuta tun bara, da jingina ɗaya muka bayar, da kuma muna da aboki mai igwa a bayanmu. An ce mu jira, mun jira, yau ga shi ana neman biyun. Faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. A sa hatimi, a roƙi sassauci daga baya."

Bai ambaci suna ba, amma kowa ya san inda kibiyar ta nufa. Magajiya ba ta ɗaga kai ba.

Dallatu Barau ya matso, ya durƙusa. "Takawa lafiya, Zaki. Ni ba tsoron igwa ne zai sa ni magana ba. Kowa a nan ya tuna shekarar fari. Ni aka aika kudu da jakuna in sayo hatsi. Na samu hatsin, na ɗoro. Jakunan suka riƙa mutuwa a hanya, muna raba kayan muna ɗauka a ka. Da na iso ƙauyukana na arewa, ungulu ce ta tarye ni. Na shiga gida na tarar da uwa da goyonta a bakin murhu, tukunya babu komai sai ƙasa. A bakin teku na ga abin nan da suke faɗa. Abin da jaki dubu ba za su iya ɗauka ba yana ja shi kaɗai, tafiyar wata yana yin ta tsakanin asuba da magariba. Da muna da shi, da mutanen nan suna raye. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. In an tambaye ni, a karɓa."

A majalisar babu wanda bai binne wani ba a waccan shekara. Sarki Zailani, wanda bai daɗe da fara furfura ba, ya dubi gefen da tsohuwar take.

"Gwaggo, ba ki ce komai ba."

Magajiya ta dafa sandarta, ta gyara zama.

"Allah ya taimaki Sarki. Waziri ya ce wasana ne ya kawo mu nan. Gaskiya ya faɗa. Ni na ce a jira, kuma jiran ya ƙare. Amma ina tambayar Waziri, a daminun da muka jira, wa ya karɓi kuɗin fito? Wa ya haƙi kuza? Mu ne. Da mun bi shawararsa, da yau ba ma zaune muna gardama, domin ba a tambayar raƙumi ina za shi bayan an sa masa akala.

"Dallatu kuwa ya faɗi abin da ya gani, ban ƙaryata shi ba. Ni ma na binne mutane a shekarar fari. Ba na ƙin hanyar ƙarfe. In ƙarfe zai kawo hatsi, Allah ya kawo ƙarfe. Amma ku dubi inda suka ja layinta. Daga bakin kogi zuwa ramin kuza. Ina ƙauyukan arewa a ciki? Ba hanyar shigo da dawa ba ce wannan, hanyar fitar da kuza ce. Mu ranci dukiyarsu, mu gina musu hanya, su kwashe arzikinmu a kanta, sannan mu biya su ladan kwashewa. Da me za mu biya, tunda kogin da dutsen duk suna hannunsu? Jikokinmu za su tashi su tarar ana bin su bashin igiyar da aka ɗaure su da ita."

Waziri ya ce, "Ranki ya daɗe, magana ba ta tare harsashi."

"Ba ta tarewa, Waziri. Amma hatimi ma ba ya tarewa. Sojan da ka ajiye a zango don gadin ƙarfe, ranar da ka makara da biya, ina kake tsammani zai juya bakin bindigarsa?" Ta juya ga Sarki, muryarta ta ƙara ƙanƙancewa har sai da mutane suka miƙa wuya. "Zailani, ubanka ya ba ni amanar kogin nan a gaban waɗannan mutane. Ana jinginar da riga, ana jinginar da doki. Ba a jinginar da abin da jama'a ke sha. In za ka sa hatimi, ka fara tuɓe ni, ka naɗa wata Magajiyar da za ta miƙa. Ni hannuna ba zai yi ba."

Ba a taɓa kiran Sarki da sunansa a majalisa ba. Dogarai suka dubi juna. Sarki ya juya ga Madawaki.

"Madawaki, in sun hauro, za a iya tare su?"

Madawaki Jatau ya ce, "A fili ba za a iya ba, Zaki. Igwarsu tana cin gari daga nesa. Amma jirgi ba ya tafiya a tudu. In Magajiya ta ba ni mutanen ruwa, akwai Wuyan Raƙumi."

Wuyan Raƙumi wuri ne da kogin ya matse tsakanin duwatsu biyu ya yi lanƙwasa, jirgi ɗaya kaɗai ke iya wucewa a lokaci guda.

Sarki ya miƙe, majalisa ta miƙe. "A gaya wa baƙi, Marandu na son hanya, ba ta son akala. In suna da bashin da ba ya cin kogi, ba ya cin dutse, ba ya zuwa da soja, ƙofata a buɗe take. In babu, su sauka lafiya."

Da aka watse, Magajiya ta tarar da ɗanta yana jiranta a inuwar soro. Ya rusuna.

"Inna, kin ja mana yaƙin da ba za mu ci ba."

"Wataƙila. Kai fa, za ka riƙe takobi a yaƙin da zuciyarka ba ta ciki?"

"Abin da Sarki ya ce shi zan yi."

Ta dube shi da kyau. Ta san taurin kansa, domin a wurinta ya sha shi. Ta ji tsoron kada a kai shi bakin ruwa ya yi sanyin hannu mayaƙa su gani, sunansa ya ɓaci har abada. Saboda haka da la'asar ta koma wurin Sarki ita kaɗai, ta roƙi a ba Dallatu tsaron hanyar Garin Kuza, can nesa da kogi, ya taya Ciroma riƙon ƙofa. Sarki ya ce, "Tunda ke kika tsaya masa, Gwaggo, na ba shi." Washegari Dallatu ya fita da mutanensa ta ƙofar arewa.

Magajiya kuwa ta sa aka ɗauke ta zuwa Wuyan Raƙumi. Madawaki ya roƙe ta ta zauna a birni, ta ce mutanen ruwa ba za su nutsar da abin cinsu da hannunsu ba sai sun ga fuskarta. Haka kuwa aka yi. Ta tara masu fito a kan yashi, ta ce musu tana son manyan kwalekwalensu, waɗanda suka gada daga iyayensu, a cika su da duwatsu a nutsar a tsakiyar mashigin. Wani tsohon mai fito ya fashe da kuka. Ta ce masa, "Baba, in mun tsira, itace yana daji, ni zan sassaƙa maka wani. In ba mu tsira ba, kai da jirginka duk na wani ne." Sarkin Ruwa Makau ya fara tura nasa. Sauran suka bi. Ruwa ya rufe su, ba a ganin komai sai ɗan murɗawar igiyar ruwa a sama.

Madawaki ya ɓoye 'yan bindiga da 'yan baka a cikin duwatsun gefe biyu, ya hana kowa kunna wuta ko ɗaga tuta. Sarki da kansa ya zo ya sauka a bayan dutsen yamma.

Ranar Asabar, rana ta take tsaka, aka hango hayaƙi daga kudu. Jirgin Jar Tuta ne a gaba, na Mikiya yana biye da ɗan nisa. Tun kafin su iso suka fara sakin igwa a kan ƙauyen masunta da ke bakin mashigin, wanda aka riga aka kwashe mutanensa. Bukkoki suka kama wuta. Ƙasa ta riƙa girgiza a ƙarƙashin tabarmar Magajiya, ɓaraguzan dutse suna zubo mata a mayafi. Kuyanginta suka kwanta rubda ciki. Ita ba ta motsa ba, idonta na kan murɗawar ruwan nan.

Jirgin farko ya shigo lanƙwasar da ƙarfinsa. Sai aka ji wata ƙara kamar an tsaga ƙatuwar bishiya. Jirgin ya yi tsalle, ya karkace, hancinsa ya hau kan abin da ke ƙarƙashi ya tsaya cak. Igwarsa ta koma tana kallon sama. Nan take Madawaki ya sa aka busa ƙaho.

Duwatsun nan biyu suka zama wuta. Kibau suka sauka a kan jirgin kamar ruwan ƙanƙara, bindigogi suna amsawa daga kowane lungu. Sojojin jirgin ba ragwaye ba ne. Suka durƙusa a bayan buhunan yashi suna harbi, bindigarsu mai ruwan harsashi ta share mutanen Marandu na sahun farko da suka faɗa ruwa, har kogin ya canza launi. Makau ya ɗebi masunta a ƙananan kwalekwale, suka zagaya ta gefen da jirgin ya karkace, inda bakin bindiga ba ya iya sunkuyowa, suka maƙala ƙugiyoyi suka hau da adduna da masu. A nan aka harbe shi a cinya, bai sauka ba.

Magajiya ba jirgin farko take kallo ba a lokacin. Na biyun take kallo, domin ta san in ya matso ya buɗe igwarsa a kan duwatsu, aikin ya lalace. Mutanen Jar Tuta suna ta kaɗa masa tuta, suna busa usur na neman agaji. Jirgin Mikiya ya tsaya a bakin lanƙwasar, hayaƙinsa yana tashi. Ta hango Mai Sanda tsaye a samansa da madubin hangen nesa a ido. Ya daɗe yana kallo. Sannan jirgin ya ja da baya a hankali, ya juya, ya bi ruwa ya tafi, bai saki ko harsashi ɗaya ba.

Kafin la'asar aka sauke jar tutar. Mayaƙa suka yi ta kabbara, makaɗa suka fito daga inda suka ɓuya, mata suka tsallako daga ƙauyuka suna guɗa. Aka kawo Mai Murmushi gaban Sarki, hannuwansa ɗaure, rigarsa jiƙe da laka, babu hula. Waziri Lawwali, wanda ya iso bayan an gama, shi ya fi kowa ɗaga murya wajen yi wa Sarki barka.

Sarki ya ce, "Ga amsar da ka ce za ku karɓa a ƙofar birni. Abokinka ma ya gudu ya bar ka."

Baturen ya ɗaga kai. Wannan karon babu murmushi a fuskarsa. "Allah ya ba Sarki nasara, Mai Sanda ba ya gudu. Shi ya ce in shiga gaba, don girmamawa. Yanzu na gane girmamawar. Ku kuka yi masa aikin da ya kasa yi shekara da shekaru, kun cire masa ni. Ku tambayi kanku, ina sauran sojojinsa? A jirgin nan ban ga ko rabinsu ba."

Guɗar mata ba ta tsaya ba. Kafin kowa ya amsa, sai ga wani manzo ya keto taron a kan doki mai kumfa, ya diro ya faɗi gaban Sarki. Bawan fada ne da aka aika arewa tare da mutanen Dallatu.

"Zaki, a gafarce ni, bakina ne ya faɗa, ba ni ba. Garin Kuza ya fita hannu. Sojojin Mikiya sun zagayo ta tudu, ta hanyar fatake. Ba a yi harbi ko ɗaya ba, buɗe musu ƙofa aka yi. Sun naɗa Ciroma Bagudu, suna kiransa Sarkin Marandu. Ya sa hatimi a kan bashin, kogi da dutse duka, na Mikiya su kaɗai."

Sarki ya ce, "Dallatu fa? An kashe shi?"

Manzon ya dubi Magajiya, ya mai da fuskarsa ƙasa. "Shi ya buɗe ƙofar, Zaki. Sun yi masa alkawarin za a miƙa reshen hanya zuwa ƙauyukan arewa. Shi ne Wazirin Ciroma yanzu."

Kiɗa ya mutu. Labarin ya bi taron daga baki zuwa baki har ya kai bakin ruwa, inda ake jera gawawwaki. Babu wanda ya iya duban tsohuwar. Waziri Lawwali ya buɗe baki, Madawaki ya yi masa wani kallo, ya rufe.

Magajiya ta zauna kamar an dasa ta. Ita ta roƙa masa ƙofar nan da bakinta. Ta tuna rusunawar da ya yi mata a inuwar soro, ta rasa ko tun a lokacin ya riga ya yanke shawara, ko a hanya zuciyarsa ta juya. Sannan ta miƙe ba tare da kowa ya taimake ta ba.

"Madawaki, a kwance wa baƙon nan hannu. A ba shi ruwa da riga, a shimfiɗa masa buzu." Ta dubi Baturen. "Kai da mu yau mutum ɗaya ya cuce mu. Sarkinka zai so ya ji yadda aka bar tutarsa a laka. Za ka rubuta masa, mu za mu kai ka bakin teku lafiya. Abin da zai biyo baya tsakaninku da Mikiya, ku kuka sani. Amma kada ka sake kawo mini zancen kogi."

Baturen ya sunkuyar da kai. "Na ji, ranki ya daɗe."

Ta juya ga Sarki, ta durƙusa a kan gwiwoyinta biyu, abin da ba ta yi ba tun ranar naɗinsa.

"Allah ya taimaki Sarki. Hatimin Ciroma hatimin ɗan tawaye ne, bai ɗaure kowa ba muddin kana numfashi. Igwar jirgin nan tana da kyau, a kwance ta a ɗora wa shanu. Mai Sanda bai san mun same ta ba, kuma kafin ya kai sauran mutanensa Garin Kuza ta tudu, mu mun riga shi. Ni na karɓi ƙofar nan da bakina na ba wanda ya sayar da ita. Ina roƙo a ba ni Madawaki da rabin runduna, in je in karɓo ta."

Sarki ya sauko daga inda yake, ya kama kafaɗunta zai ɗaga ta.

"Gwaggo, ɗanki ne fa. In an ci garin, kin san hukuncin wanda ya buɗe ƙofa. Bari in aiki wani."

"Na san ɗana ne, ni na goya shi." Ta miƙe, ta karkaɗe yashin da ke gwiwarta. "Shi ya sa babu wanda zai je ya ɗauko shi sai ni. Madawaki, a buga tambari, mu kwana a hanya."